Ba Alawa Ba Ce, Maɗaci Ne

Duk ƙarshen shekara, idan Kirsimeti ya matso, sai a sake haska wa Amurkawa It's a Wonderful Life, fim ɗin da Frank Capra ya fitar a 1946. Duk shekara kuma sai masu sharhi su mayar da shi alawar yara: wai labari ne mai sanyaya zuciya, mala'ika ya sauko ya share wa bawan Allah hawaye, kowa ya watse yana murmushi. Masu yabonsa da masu kushe shi sun haɗu a kan wannan fahimta, kuma dukkansu sun yi kuskure.

A dubi abin da ke ciki. George Bailey, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, saurayi ne mai burin barin ƙaramin garinsu, Bedford Falls, ya zaga duniya. Mahaifinsa ya rasu, nauyin kamfaninsu na ba talakawa rancen gina gida ya hau kansa. Kuɗin karatunsa ya miƙa wa ƙanensa Harry. Ranar aurensa jama'a suka firgita suka zo kwashe ajiyarsu, shi da amaryarsa suka raba musu dala 2,000 ta tafiyar angwanci don kada kamfanin ya durƙushe. Daga baya baffansa Billy ya ɓatar da dala 8,000, kuɗin suka faɗa hannun Potter, attajirin garin, ya yi gum. George ya ga kurkuku na jiransa, ya tsaya kan gada yana shirin faɗawa kogi. Ina zaƙi a nan?

Mala'ikan ma, Clarence, bai kawo ko sisi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya nuna wa George garin da babu shi: Harry ya nutse tun yana yaro, sojojin da zai ceta a yaƙi sun halaka, talakawa sun dawwama a gidajen hayar Potter. Kuɗin da suka cece shi maƙwabta ne suka tara. Fim ɗin ya ƙare Potter na riƙe da abin da ya ɓoye ba hukunci, George kuwa bai taɓa ganin duniyar da ya yi mafarki ba.

Akwai masu cewa farin jinin fim ɗin tsautsayi ne. Gaskiya ne bai yi kasuwar da aka zata ba da farko, kuma a 1974 aka kasa sabunta haƙƙin mallakarsa, gidajen talabijin suka yi ta haska shi a arha. To amma finafinai nawa ne suka faɗa irin wannan hali aka manta da su? Araha tana kai kaya ƙofar gida, ba ta sa a riƙe shi kusan shekara 80.

Zargin da ya fi nauyi shi ne wai fim ɗin yana koya wa talaka ya rungumi ƙaddara ya yi shiru. Wannan ma bai tsaya ba. Potter ya yi wa George tayin albashin dala 20,000 a shekara don ya rufe bakinsa, ya ƙi. Hukumar FBI ta fi masu sharhin yau gane inda aka dosa: a 1947 wani rahotonta ya zargi fim ɗin da ɓata sunan masu banki, irin salon 'yan gurguzu.

Abin da ya raya fim ɗin shi ne ya faɗi gaskiyar da ba ma so: alherin wanda ya tsaya ba a ganinsa sai an cire shi daga lissafi. Mu da muka yi karatu muka samu kujera, da yawanmu akwai wani yaya da ya haƙura da nasa burin ya biya mana kuɗin makaranta. Maƙwabtan George sun tuna da shi, amma sai da ya kai bakin gada. Kada namu ya kai can kafin mu buga masa waya.