Zancen Gida: Kada Ginin Ƙasa Ya Mutu A Hannunmu

Damina ta wuce, lokacin gini ya zo. Daga Karkarna a ƙasar 'Yankwashi zuwa Roni da Gwiwa da Babura, maigida da yawa ya sayar da gyaɗa da riɗi, yana lissafin buhun siminti nawa kuɗin za su saya. Waɗansu za su ci bashi, ginin kuwa ya tsaya a taga shekara uku. Ga ƙasar gini kuma kwance a bayan gari, kyauta ce daga Allah.

Mun san abin da ke tsorata mutane. A daminar 2022 da ta 2024 gidajen ƙasa da yawa suka rushe a Jihar Jigawa, har aka yi hasarar rayuka. Inda ambaliya ta kwanta, bangon ƙasa ba ya tsira, don haka kada kowa ya yi gini a kwari ko a hanyar ruwa. Amma sau da yawa abin da ke kā da ɗaki shi ne gaggawa da rashin gyara. An bar koyon aikin, sai kowa ya kwaɓa laka yau ya ɗora gobe.

Magina na dā ba haka su ke yi ba. Su kan haɗa jar ƙasa da ciyawa da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana da yawa ana zuba ruwa har ta ruɓa. Ciyawar ce ke hana bango tsagewa. Isra'ilawa ma sun san amfaninta, gama wahalarsu ta ƙaru sa'ad da Fir'auna ya hana su ita (Fitowa 5). Sa'an nan a mulmula tubali, ya bushe sarai a rana. Bango ya yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa zuwa sama, kuma ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska. Azarar giginya ce a rufi, don gara ba ta cinta da sauƙi. A ƙarshe a yi yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa da gindin bango.

Irin wannan aiki yana daɗewa. Majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa kusa da Zariya, da ƙasa aka gina ta a 1929, tana nan tsaye. A yankin Debon na Ingila akwai gidajen laka da ciyawa masu shekaru ɗaruruwa, mutanen can kuwa su kan ce gidan ƙasa hula da takalmi kawai ya ke so, watau rufi mai kyau da harsashin dutse. Dutse kuwa ba ya wuya a ƙasar Kazaure da Roni.

A Nebraska ta Amurka, inda itace ya yi ƙaranci, manoma suka riƙa matse ciyawa da inji, su jera dammunan kamar bulo, su yaɓe. Majami'ar da aka gina haka a garin Arthur a 1928 ba ta faɗi ba. A wurinmu gara da bukatar dabbobi sun sa wannan hanya da wuya, amma abin lura shi ne: yau Turawa su na biyan kuɗi don a koya musu kwaɓa laka, mu kuwa 'ya'yanmu su na jin kunyarta. Alhali ɗakin soro ya fi na kwano sanyi a bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu.

Ga shawararmu. Kowace ekklisiya ta nemi tsohon magini a garinta, Kirista ne ko Musulmi, ta biya shi hakkinsa, ya koya wa samari. A fara da gayya a ɗakin wata gwauruwa ko tsoho wanda ba shi da mai taimako. Kowane gida kuma ya duba rufi da indararo da yaɓe kafin ruwan fari. Ubangiji Yesu ya yabi mai hikima da ya kafa gidansa a kan dutse (Matiyu 7:24-27). Maganar biyayya ya ke yi, amma da misalin magini ya yi ta.

Allah ya tsare gidajenmu da masu kwana a ciki. Amin.