Agogon Hannu Bai San Nauyin Fartanya Ba

Matasa da dama a yau suna dogara da wayar salula ko agogon zamani don sanin yawan kalori da jikinsu ya ƙona yayin motsa jiki. Wannan dogaro ya yi yawa. A shekarar 2017, masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori na ɗaurawa a hannu guda 7. Yawancinsu sun ƙidaya bugun zuciya daidai gwargwado, amma wajen kalori, wadda ta fi ƙoƙari ma ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, ta baya kuwa da kashi 93.

Alhali fensir da takarda sun isa a yi kirdado. Mutum yana zaune shiru, kowane kilo na jikinsa kan ƙona kusan kalori 1 a sa'a guda. Wannan ma'auni shi ake kira MET. Tafiyar ƙasa a tsanake kan kai MET 3.5, ƙwallon ƙafa kamar 7, aikin fartanya kuwa wajen 5. Sai a ninka wannan adadi da nauyin mutum, a sake ninkawa da sa'o'in aikin. Alal misali, ɗalibi mai kilo 50 da ya yi tafiyar sa'a guda daga ƙauyensu zuwa makaranta a Getso ko Garo ya ƙona kalori 175, kafin ma a kaɗa ƙararrawa. Saurayi mai kilo 60 da ya yi sa'a 4 yana noman firi a gonar gero ya kai 1,200, ko da yake sai an rage lokacin da ya miƙe ya huta ko ya sha fura.

Wannan ma kirdado ne. An gina ma'aunin a kan jikin babban mutum, kuma yara sun fi manya ƙona kalori a kan kowane kilo. Amma fifikonsa shi ne ɗalibi yana ganin inda kowane adadi ya fito, kuma yana iya gano inda kuskure ya shiga.

Malaman kimiyya na Gwarzo da Kabo ba su da buƙatar ɗauko misali daga ɗakin motsa jiki na birni. Lissafin gona ya fi koyar da abin da ya shafi ɗalibansu: aiki mafi cin ƙarfi yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da hatsin bara ya yi ƙasa a rumbu, sabo kuma bai nuna ba. Yaron da ke gyangyaɗi a aji a watan Yuli, mai yiwuwa ne kokon da ya sha da safe bai biya kalorin da ya bari a gona jiya da yamma ba.