Faɗan Minista Da Babban Sakatare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan uwa, a 1980 BBC ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Yes Minister. Minista yana ta hargowa wai shi ke da iko, babban sakatare kuma yana rusuna masa, yana juya shi kamar waina a tanda. Turawa sun sha dariya. Mu da suka bar wa tsarin gado kuwa, kuka muka sha.

A nan Nijeriya, zamanin Gowon manyan sakatarori ne ke juya ƙasa. Murtala ya zo a 1975 ya kori dubban ma'aikata. A 1988 Babangida ya ƙwace ikon sa hannu kan kuɗi ya miƙa wa minista, ya mai da babban sakatare darakta-janar. Abaca ya kafa kwamitin Ayida a 1994, daga bisani aka dawo da tsohon sunan. Tuwo dai na nan, suna aka yi ta canza masa.

To, a kan me ake faɗan? A kan maganin asibiti ne ko albashin malaman firamare? A'a! Makullin taska ake wa kokawa. Ranar rabon kwangila ba ka jin kansu. Talaka shi ne kura da shan bugu, su ne gardi da kwashe kuɗi.

Tsarin da babu tsoron Allah a cikinsa ba ya gyaruwa da canza suna. Mafita ita ce komawa ga tsarin Allah, inda muƙami amana ce da za a tambayi mai ita ranar gobe ƙiyama.

Wassalam.