RA'AYINMU: Waiwaye Adon Tafiya

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya saba zama a majalisun dattawa, tun daga Birnin Malam har Jega, Aliero da Maiyama, ya san yadda mutane suke ba da labarin rayuwarsu. Wanda ya samu yakan ce da wayonsa da ƙoƙarinsa ya samu. Wanda ya rasa kuwa yakan ɗora laifi a kan maƙiya, ko sammu, ko ɗan'uba. Kowannensu zai kwashe sa'a guda yana magana, alhali sunan Allah bai fito ba sai a wurin rantsuwa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin yadda bawa yake karanta abin da ya wuce masa yana bayyana irin aƙidar da take cikin zuciyarsa.

Alƙur'ani mai girma ya koya mana yadda ake waiwaye. A cikin Suratud Duha, Allah Maɗaukaki Ya tunatar da Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraicinsa da matsugunin da Ya ba shi, da shiriyar da Ya yi masa, da wadatar da Ya yi masa bayan rashi. Surar ba ta tsaya a tunatarwa ba. Nan take ta hana danne maraya da kyarar mai tambaya, ta kuma yi umurni da ba da labarin ni'ima. Haka nan a ƙarshen Suratu Yusuf, lokacin da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya taƙaita wa mahaifinsa tarihinsa, ya ambaci fitarsa daga kurkuku da zuwan danginsa daga ƙauye, amma bai ambaci rijiya ba a gaban waɗanda suka jefa shi ciki. Malaman tafsiri sun ce ya yi haka ne domin kada ya kunyata 'yan'uwansa bayan ya yafe musu.

Mu mutanen wannan yanki muna da misali a kusa da mu, domin Gwandu ba ta da nisa daga Aliero. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a can a 1829, ya rubuta littattafai biyu na waiwaye. A cikin Ida'un Nusukh, wanda ya rubuta a 1812, ya jera malaman da ya ɗauki ilimi daga gare su. Ya fara da mahaifinsa wanda ya koya masa Alƙur'ani, sannan yayansa Shehu Usmanu wanda aka miƙa shi gare shi yana ɗan shekara 13, har zuwa irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mutumin da ya yi tafsirin Alƙur'ani sukutum a cikin Diya'ut Ta'wil, da ya tashi ba da tarihin kansa, sai ya cika shi da sunayen waɗanda suka yi masa alheri.

A 1813 kuma ya rubuta Tazyinul Waraƙat, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da bayanin halin da yake ciki sa'ad da ya yi kowacce. A nan ne ya faɗi abin da mai neman suna zai ɓoye. Wajen shekarar 1807, da ya ga yawancin abokansa na farko sun rasu, kuma son mulki da dukiya ya shiga cikin rundunar jihadi, sai zuciyarsa ta ƙi, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano, mutanenta suka tsare shi da roƙo, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan hukunce-hukuncen shugabanci, ya karanta musu tafsiri, daga baya ya komo. Tafiyar da ya fara cikin ɓacin rai ba ta kai inda ya nufa ba, amma Allah Ya fitar da littafi daga cikinta wanda har yau ake karantawa. Da ya goge wannan babi daga tarihinsa, da mun rasa wurin da hikimar Allah ta fi bayyana.

Sai dai wannan aiki yana da ladubba, kuma dole mu faɗe su. Na farko, samun duniya ba hujja ba ce ta yardar Allah, rashi kuma ba hujja ba ce ta fushinsa, kamar yadda Suratul Fajr ta gyara wannan zato. Manomin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa a wannan jiha, da wanda albasarsa ta yi kuɗi a kasuwar Aliero, duk jarrabawa suke ciki, ɗaya da haƙuri, ɗaya da godiya. Na biyu, waiwaye ba ya halatta tona asirin da Allah Ya rufe. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim kan haɗarin mai bayyana saɓonsa, saboda haka zunubin da aka tuba daga gare shi a bar shi tsakanin bawa da Ubangijinsa. Na uku, a guji "da na sani" mai tuhumar ƙaddara, domin Muslim ya ruwaito cewa irin wannan furuci yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Na huɗu, ma'anar abin da ya same mu ana auna ta ne da Littafi da Sunna. Mai kai tarihinsa wurin boka ko ɗan duba domin a gaya masa wanda ya yi masa asiri, ya sayar da tauhidinsa ya sayo gaba da danginsa.

Bisa ga haka, muna kira ga kowane ɗan'uwa da 'yar'uwa da su keɓe dare ɗaya cikin wannan wata, su ɗauki takarda, da boko ko da ajami. A rubuta sunan wanda ya fara ɗora maka allo, da wadda ta ciyar da kai lokacin almajirci, da wanda ya ba ka jari ko ya biya maka kuɗin makaranta. A rubuta tsananin da aka shiga da yadda aka fita. Sannan a buɗe shafin da ya fi nauyi, wato na haƙƙoƙin mutane: bashin da aka yi shiru a kansa, gonar gado da har yau ba a ba 'yan'uwa mata rabonsu ba, marayan ɗan'uwa da aka manta da shi. Malamin da yake raye a ziyarce shi, wanda ya rasu a yi masa addu'a, haƙƙi kuma a mayar wa mai shi tun kafin ranar da ba a biya da naira.

Allah Ya nuna mana ni'imominsa a kanmu, Ya ba mu ikon gode musu da aiki, Ya sa mu cika da imani.