Digiri a Kan Kangon Maroko

A jami'o'in ƙasar nan akwai wani fanni da ake kira tsara birane, kuma a 'yan shekarun nan malamansa sun sami wasu kalmomi biyu da ba sa rabuwa da bakinsu, wato adalcin zamantakewa da adalcin muhalli. Da su ake rubuta ƙasidu, da su ake halartar taruka a Ingila da Amurka, da su ake hawa matakan girma har a kai kujerar farfesa. Mu da muke koyar da adabi, aikinmu ne mu bi diddigin kalma mu ga ko tana ɗauke da abin da take iƙirari. Da muka bi diddigin waɗannan biyu, sai muka tarar sun yi ƙiba a takarda, sun rame a unguwa.

Bari mu fara daga tushe. Tsara birane irin na boko ya shigo ƙasar nan ne da manufar raba mazaunin mai mulki da na wanda ake mulka. Dokar garuruwa ta 1917, a zamanin Gwamna Lugga, ta kasa garuruwa aji uku, kuma ƙa'idar lokacin ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. A Legas, bayan annobar da ta ɓulla a 1924, an kafa hukumar raya birnin a 1928, ita ce kuma daga 1955 ta shiga rushe tsakiyar Legas tana kwashe mutane zuwa Surulere. Tun daga wancan zamani, da sunan tsafta da lafiya ake tashin talaka.

Turawa sun tafi, hujjar ta zauna. A watan Yuli na 1990, gwamnatin Kanar Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan ta aika musu da katafila a tsakiyar damina. Kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa yana cin sa, zama a cikinsa haɗari ne. To, madalla. Amma da aka kori masu shi, sai aka cike kwarin da yashi, aka yanka filaye, ya koma ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a Nijeriya, maƙwabcin Victoria Island. Ashe maganin ambaliyar yana nan tun farko; abin da aka rasa shi ne niyyar yin sa domin masu kwana a ɗakin katako. An maimaita karatun a Makoko a 2012 da wa'adin sa'a 72, aka sake a Otodo Gbame a 2016 da 2017. A Abuja ma, Gbagyi da aka tarar a ƙasar kakanninsu lokacin da aka yi dokar kafa birnin a 1976 sun ga yadda taswira take haɗiye gona.

Za a ce mana malamin jami'a ba ya tuƙa katafila, shawara kawai yake bayarwa. Gaskiya ne, kuma ba mu manta da 'yan ƙalilan da suka tsaya tare da waɗanda aka kora ba. Amma wa ya horar da jami'in da ya shafa jan fenti a bango? A ajin wa ya koyi cewa unguwar da ba ta cikin taswira tamkar babu ita ce? Za a kuma ce waɗannan unguwanni da gaske suna fama da ƙazanta da cuta. Wannan ma ba mu musa ba. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Unguwar da ba ta da magudanar ruwa, magudanar ruwa take bukata.

Babban laifin da muke gani yana cikin ma'aunin da jami'a take auna malaminta da shi. Ana ƙidaya ƙasidun da ya buga cikin Ingilishi a mujallun ƙetare, ba a tambayar gida nawa bincikensa ya hana a rushe. Ɗalibi zai shiga Makoko ko Agege da takardar tambayoyi, ya sha ruwan mutane, ya kwashi labarinsu, ya sami digiri na uku, su kuwa ba za su sake jin ɗuriyarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Saboda haka muna kira da abubuwa uku. Na farko, duk binciken da aka yi a kan wata unguwa, a koma a karanta wa mutanenta sakamakonsa da harshensu, Yarabanci ne ko Egun ko Hausa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, malamin da ya tsaya gaban kotu ya ba da shaidar gwaninta domin waɗanda za a tasa, a lissafa masa wannan a wajen ƙarin girma kamar yadda ake lissafa ƙasida. Na uku, a sanya tarihin Maroko cikin manhaja, a koyar da shi tun shekarar farko, kafin ɗalibi ya iya jan layi a kan taswira.

Mu ma malaman adabi ba mu kuɓuta ba, domin mun daɗe muna sharhin waƙoƙin talauci daga inuwar ofis. Muna fata abokan aikinmu za su amsa mana a fitowa ta gaba, ƙofar mujallar nan a buɗe take. Allah ya sa mu gyara.