Ƙafa na ƙuna, ƙwaya ba ta ci ba

Ƴan uwa, in aka yi zancen Sida, hankalinmu kan tsaya ne ga ƙwayoyin ARV kaɗai. Amma akwai wata azaba da ba a cika faɗi ba: ciwon jijiyoyin ƙafa. Tafin ƙafa ya riƙa ƙuna kamar an taka garwashi, dare ya yi barci ya gagara. Cutar kanta na kawo shi. Haka ma tsohon maganin nan stavudine, wanda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a janye tun 2009, da isoniazid na tarin fuka.

Akwai maganin jijiya da ake kira pregabalin, ana saida shi da sunan Lyrica. Yana taimaka wa wasu masu ciwon sukari da ke fama da irin wannan zafi. Sai masana suka gwada shi ga masu ɗauke da cutar Sida: mutum 302, tsawon mako 14. Rabi aka ba su maganin, rabi ƙwayar da ba komi cikinta, ba wanda ya san wadda ya sha. Sakamako ya fito a 2010: zafi ya ragu a ɓangarorin biyu, amma maganin bai fi ƙwayar banza ba. Aka sake wani gwaji, aka tsaida shi tun bai ƙare ba, don an ga ba riba. Amitriptyline da aka gwada a Afirka ta Kudu, shi ma haka.

Abin da ke damuna shi ne, wannan labari ba ya isowa gare mu. Wanda ciwo ya hana barci, duk abin da mai tallar magani ya miƙo masa saye zai yi. Pregabalin kuwa yana sa maye, yana kama jiki. Mun dai ga ɓarnar da taramol ya yi wa matasanmu.

Don haka ina kira: ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar lafiyar ƙafa duk ranar karɓar ARV, a haɗa bitamin B6 da isoniazid. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram su ɗauki wannan ciwo abin bincike, su faɗa mana sakamako da Hausa, ko da bai yi daɗi ba.

Kai kuma ɗan uwa mai fama, kar ka aje ARV ɗinka saboda zafin ƙafa. Je likita ka faɗa, ka sake faɗa, har a saurare ka. Haƙƙinka ne.