Shabu: Hantsi ya dawo, ina filin shan sa?

Duk wanda ya san Lafiya ya san yadda marka take kama gari a watan Agusta. Sai a yi kwanaki hadari bai sauka ba, wanki ya ƙi bushewa, hatsi ya fara ɗaukar danshi a ɗaki. Shi ya sa Asabar ta farko da gari ya washe take zame wa mutanen Shabu kamar ƙaramar sallah. Mata su baza tufafi da katifu a tsakar gida, dattawa su fito da tabarmi ƙofar gida suna shan hantsi, yara su ɗauko ƙwallo, manoma kuma su fito da masara da rogo da agushi domin shanya.

Hausawa sun ce hantsi leƙa gidan kowa, kuma gaskiya ne ba ya tambayar mai kuɗi ko talaka. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne fili. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996 aka mai da Lafiya hedikwatarta, birnin ke ta faɗaɗa, kuma Shabu na cikin wuraren da faɗaɗar ta cim ma. Tana kan babbar hanyar Akwanga zuwa Lafiya, ga kuma Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke jawo ɗalibai da ma'aikata. Gonaki na komawa fulotai, fulotai na komawa gidaje, filin da yara ke taruwa jiya yau an zagaye shi da bulo.

Sakamakon a bayyane yake. Mai shanya kan koma gefen kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da dabbobi ke ɓata amfanin gona. Wanda ya rasa wurin shanya kuwa hatsinsa kan yi fumfuna, ya rage daraja a kasuwa, ya kuma cutar da masu ci. Yara su ma kan matsa kusa da titin da manyan motoci ke bi zuwa Makurɗi da Abuja. Ƙwallo ɗaya da ta kuɓuce ta isa ta jefa iyali cikin makoki.

A Landan, da zarar rana ta fito bayan sanyi, jama'a kan yi tururuwa zuwa Hyde Park. A Abuja ma iyalai na da Millennium Park da aka buɗe a 2003. Ba sa'a ce ta samar da waɗannan wurare ba, tanadi ne da aka yi tun kafin gine-gine su cinye ƙasa.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Nasarawa da Ƙaramar Hukumar Lafiya su keɓe filaye a Shabu da makwabtanta tun ƙasa na da sauƙin samu: filin wasa mai itatuwa nesa da babban titi, da dandalin shanya na siminti ga manoma. A yi wa filayen takardu da sunan al'umma, a sanya masu unguwanni cikin kula da su, don kada gobe wani ya yanka su ya sayar. Su ma masu ƙasa su tuna cewa barin fili ga jama'a sadaka ce mai gudana.

Da damina ta ɗauke, kakar riɗi da shinkafa za ta kankama, buƙatar wurin shanya ta ninka. Yanzu ne lokacin fara aikin.